Ciwon sukari na masu juna biyu: shin gyaran abinci kaɗai zai wadatar?

Ummu_Safwan
Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwa mazauna wannan zaure. Ina da cikin da ya shiga wata na bakwai, kuma a awon da na je makon jiya an ba ni ruwan sukari na sha, aka ɗebi jinina kafin in sha da kuma bayan na sha, sannan likita ta shaida mini cewa ina da ciwon sukari irin wanda juna biyu ke kawowa. Abin da aka rubuta mini shi ne 5.4 kafin in sha, da 9.1 bayan awa biyu. An ce in sayi na'urar gwaji, in gyara abincina, in koma bayan mako biyu da abin da na rubuta, idan bai daidaita ba za a fara mini magani. Damuwata ita ce takardar da aka ba ni cike take da abincin da ba a ci a gidanmu, mu kuwa tuwo ne da shinkafa da kunu, kuma tukunya ɗaya ake ɗorawa domin kowa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga wannan hali su faɗa mini gaskiya: shin gyaran abinci kaɗai yana riƙe sukarin har a haihu, ko kuwa ƙarshenta sai an kai ga allura? Kuma me mutum zai ci ya ƙoshi?

Maman_Ilham
Wa alaikumus salam, Ummu Safwan, Allah ya raba lafiya. Ni an same ni da shi a cikina na uku, kuma har na haihu ba a yi mini allura ba, saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce yana yiwuwa. Abin da na lura da shi a jikina shi ne karin kumallo ya fi kowane abinci wuyar sha'ani. Kofi ɗaya na koko mai sukari yakan ɗaga mini awon fiye da tuwon dare, alhali ban ji na ci wani abin kirki ba, domin abu mai ruwa-ruwa nan da nan yake shiga jini. Da na koma cin dafaffen ƙwai da alale, ko ƙosai da rabin kofi na kunu marar sukari, sai lambobin safe suka sauko. Tuwo kuwa ban daina ba, sai dai malmalar ta koma daidai dunƙulen hannuna, miyar kuma ta fi tuwon yawa, musamman kuka da kuɓewa da zogale, tare da abin da ya sawwaƙa na kifi ko nama.

Hajiya_Kaka
'Yata, kada ki bari a ɗaga miki hankali. Mu da muka haifi 'ya'yanmu a ɗaki ba mu san wani shan ruwan sukari a asibiti ba, kuma ga su nan sun girma sun yi nasu iyalin. Ki bar shinkafa da masara, ki koma acca da tuwon alkama, waɗannan ba su da sukari, kina iya cinsu ki ƙoshi. A maimakon sukari ki riƙa sa zuma, sannan ki jiƙa shuwaka ko garafuni ki sha da safe, domin ɗaci shi ne maganin zaƙi.

Sista_Ungozoma
Hajiya, Allah ya ƙara girma, kuma mun san ƙauna ce ta sa kika ba da wannan shawara, amma ina neman izini in gyara wasu wurare, saboda abin da nake gani kullum a ɗakin haihuwa. Ciwon ba sabo ba ne, gwajinsa ne bai daɗe da yaɗuwa a wurarenmu ba. A da mace takan sha doguwar naƙuda ta haifi ƙaton jariri da ƙyar, ko ɗa ya daina motsi dab da haihuwa, ba wanda ya san dalili, alhali a cikinsu akwai waɗanda sukari ne sanadi. Yadda abin yake shi ne mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke rage wa insulin ƙarfi, shi kuwa insulin shi ne ke kwashe sukari daga jini ya shigar da shi tsokoki. Wannan yana ƙaruwa ne daga tsakiyar ciki zuwa gaba, shi ya sa ake yin gwajin tsakanin mako na 24 da na 28. Sukarin da ya yi wa uwa yawa yana ƙetarawa zuwa ga ɗa, sai jikin ɗan ya riƙa mai da shi kitse, ya haura kilo 4, kafaɗarsa ta iya maƙalewa a hanya, bayan haihuwa kuma nasa sukarin ya faɗi ƙasa ko shawara ta kama shi. Ita uwar ma ta fi kusa da hawan jinin masu ciki, wanda kan kai ga jijjiga.

Acca da alkama abinci ne masu kyau, amma su ma sitaci ne kamar shinkafa da dawa, kuma a ciki sukari suke komawa. Na ga matan da suka riƙa cin malmala uku ta tuwon alkama da tunanin magani suke ci, awonsu kuwa yana sama. Zuma ma sukari ce a wurin jini, ba ta da wata kariya. Shuwaka a miya ba ta da laifi, amma jiƙe-jiƙen ɗaci da sassaƙe da saiwoyi babu wanda ya san ma'auninsu, kuma mai ciki ba jikinta kaɗai take shayarwa ba.

Hajiya_Kaka
To, Sista, ku ne masu ilimin zamani, ban ƙi maganarki ba. Sai dai ni har yanzu ina ganin acca ta fi farar shinkafa sauƙi a jiki, domin maigidana ya daɗe da ciwon sukari, ita ce abincinsa.

Sista_Ungozoma
Wannan kuma ba na musa miki, Hajiya, mutane da yawa suna samun sauƙinta. Maganata a kan yawan abin da za a zuba a kwano ne, kuma na'urar da aka ce Ummu Safwan ta saya ita ce za ta nuna mata yadda nata jikin ya karɓi accar.

Likita_Mata
Ummu Safwan, bari in amsa tambayarki kai tsaye. Ƙungiyar masana ciwon sukari ta Amurka ta kiyasta cewa tsakanin kashi 70 zuwa 85 cikin ɗari na matan da aka samu da wannan lalura suna daidaita da gyaran abinci da motsa jiki kawai. Ragowar suna bukatar magani, ba don sun yi sakaci ba, sai don mabiyiyarsu ta fi ƙarfin abin da jikinsu ke iya samarwa na insulin. Babu wanda zai iya gaya miki yau a wane ɓangare kike, lambobin da za ki rubuta cikin makon nan biyu su ne za su faɗa.

Game da sakamakonki, ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013 ita ce, idan an ba mace giram 75 na sukari, to awon kafin sha ya kai 5.1, ko na bayan awa ɗaya ya kai 10.0, ko na bayan awa biyu ya kai 8.5, ɗaya daga ciki ya isa a tabbatar da ciwon. Naki biyu ne suka haura, amma ba su yi nisan da za a ce dole a fara allura nan take ba. Abin da ake so ki riƙe a gida kuwa shi ne, awon safe kafin ki ci komai ya kasance ƙasa da 5.3, na bayan awa ɗaya da cin abinci ƙasa da 7.8, na bayan awa biyu ƙasa da 6.7. Idan na'urarki manyan lambobi take nunawa, to su ne 95 da 140 da 120, domin ana ninka ƙaramar lamba sau 18 ne a sami babbar. Galibi sau huɗu ake gwadawa a rana, da asuba sau ɗaya, sannan bayan kowane babban abinci. Ki tambayi likitarki ko awa ɗaya take so ko biyu, ki tsaya a kan wanda ta zaɓa, kuma ki fara ƙirga lokacin daga lomar farko, ba daga wanke hannu ba.

'Yar_Maraɗi
Na gode wa Likita da ta kawo batun lambobi, domin mu a Nijar da giram ake rubuta mana. Ni an ce mini kada awon safe ya wuce 0.95, na bayan awa biyu kuma kada ya wuce 1.20, kuma da na fara karanta saƙon Ummu Safwan na ga 9.1 sai gabana ya faɗi. Ashe 0.95 ɗinmu shi ne 95, shi ne kuma 5.3. Duk wadda ke zuwa awo a tsallaken iyaka, ko aka aiko mata da na'ura daga wata ƙasa, ta tabbatar da irin ma'aunin da ke jikinta kafin ta kwatanta da na wata.

Zainab_Ingila
A nan Ingila ƙa'idar tabbatar da ciwon ta ɗan bambanta da wadda Likita ta kawo, 5.6 ne kafin sha da 7.8 bayan awa biyu, sannan a gida 6.4 suke so bayan awa biyu maimakon 6.7. Na faɗi haka ne don kada wata ta ji lamba daban a bakin 'yar'uwarta ta ɗauka likitanta ya yi kuskure. Sakamakon Ummu Safwan dai ko da wane ma'auni aka duba ya shiga, tunda 9.1 ya haura duka biyun.

Abu_Tagwaye
Ina neman afuwar iyayenmu mata da na tsoma baki a zancensu, amma akwai ɓangaren da ya rataya a wuyanmu maza. Maiɗakina ta yi wannan lalura lokacin da take ɗauke da tagwayenmu, ta kiyaye abinci iyakar ƙoƙarinta, duk da haka awon asuba ya ƙi sauka sai da aka sa mata allurar insulin ta dare, kuma alhamdu lillahi ita da yaran lafiya ƙalau, bayan haihuwa aka dakatar da allurar. Abin da nake so magidanta su sani shi ne kuɗin ba a na'urar yake ba, a tsinken gwaji yake, wato ɗan abin da ake sa wa jini a cusa a na'urar. Gwaji huɗu a rana daga mako na 28 zuwa haihuwa ya haura tsinke 300, kuma kowace na'ura da irin tsinkenta, na Accu-Chek ba ya shiga OneTouch. Saboda haka kafin a saya a fara tambayar wane tsinke ne ake samu a kantin magani na kusa kuma aljihu zai iya ɗauka. Sannan cefane ma sai ya canza, domin ba zai yiwu a ce wa mace ta rage tuwo ba alhali ba a kawo mata ƙwai ko wake ko kifin da za ta cike gurbin da shi ba.

Ummu_Safwan
Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya saka wa kowa da alheri. An sayo na'urar, kuma tun da na fara gwaji na bar tuwo da shinkafa da burodi gaba ɗaya, ganye da ƙwai da kifi kawai nake ci, da daddare kuma ba na cin komai bayan magariba. Awon bayan abinci ya yi kyau, bai wuce 6 ba, amma na asuba yana tsakanin 5.5 da 5.7, ga jiri da ciwon kai da nake fama da su da rana. Ban gane yadda za a yi mutum ya kwana da yunwa sukarinsa kuma ya tashi ba.

Likita_Mata
Don Allah, 'yar'uwa, ki dawo da sitaci cikin abincinki daga yau. Yunwa ba ta cikin maganin wannan ciwo. Mai ciki tana bukatar aƙalla giram 175 na sitaci a kowace rana, domin da sukari ƙwaƙwalwar ɗan ke ginuwa, kuma idan aka hana jiki sai ya koma ƙona kitse, wanda ke tara wasu sinadarai a jini da ba ma so ga mai ciki. Abin da ake nema shi ne a rarraba sitacin, a ci babban abinci sau uku da ɗan abin taɓawa sau biyu ko uku a tsakani, kada a tara shi a zama ɗaya. Don ki sami abin kwatance, kofi ɗaya na dafaffiyar shinkafa yana da kimanin giram 45, yankan burodi ɗaya kuma kimanin 15. Idan kin zuba abinci, rabin kwanon ya zama ganye ko kayan lambu, kwata ɗaya wake ko nama ko kifi ko ƙwai ko awara, kwatan ƙarshe tuwo ko shinkafa ko doya.

Amsar abin da ya ɗaure miki kai kuwa ita ce hanta tana ajiye sukari, kuma idan dare ya yi tsawo ba a ci komai ba sai ta riƙa sako shi cikin jini. Daga magariba zuwa asuba tazara ce mai yawa. Ki gwada cin ɗan abu kafin ki kwanta, kamar kindirmo marar sukari da gyaɗa, ko ƙwai da yankan burodi ɗaya, ta yadda tsakanin wannan da gwajin safe zai zama awa 8 zuwa 10. Wasu hakan na sauko musu da awon, wasu kuma ba ya yi. Awon asuba shi ne wanda abinci ya fi kasa juyawa, don haka idan ya ci gaba da zama sama da 5.3 kada ki ƙara matsa wa kanki, ki kai wa likitarki littafin ko da ranar komawarki ba ta yi ba.

Maman_Ilham
Ina ƙarawa a kan maganar Likita da abin da ya taimake ni, wato tafiya bayan cin abinci. Ba sai an fita titi ba, ni a tsakar gida nake kai da komowa na minti 10 zuwa 15, ko in yi shara, kuma bambancin yana fitowa a na'ura ƙarara idan aka kwatanta da ranar da na ci na kishingiɗa. Shinkafa kuma idan na haɗa ta da wake, waken ya fi yawa, da ɗan kabeji ko latas, ba ta ɗaga mini kamar fara da mai.

Amaryar_Gidan_Yawa
Ni matsalata ba sanin abin da zan ci ba ce, samun damar cinsa ce. Da uwar mijina muke zaune, kuma a wurinta mai ciki ta mutum biyu take ci. Kullum sai ta aiko mini da fura ta sha sukari, da lemun malt haɗe da madarar gwangwani wai don ƙarin jini, idan na bari kuma sai ta ce raina ta na yi, ko ina so in haifi ɗa kamar ɗan tsako. Ban san yadda zan yi in kiyaye lafiyata ba tare da na ɓata mata rai ba.

Hajiya_Kaka
'Yata, a nan zan iya ba ki shawara, domin ni ma suruka ce. Kada ki yi mata bayanin da bakinki, za ta ji kamar kina koya mata reno ne. Ki sa ɗanta ya zauna da ita ya faɗa mata umarnin likita ne, in da hali ma ki roƙe ta ta raka ki awo ta ji da kunnenta. Sannan ki ba ta wani abin da za ta riƙa yi miki, kamar kwaɗon zogale ko rama ko farfesun kifi, domin abin da take so shi ne hannunta ya shiga cikin kula da jikanta.

Sista_Ungozoma
Wannan shawara ta Hajiya ta fi duk abin da zan iya faɗa. Abin da zan ƙara kawai shi ne lemun malt da madara ba sa ƙara jini, shi malt ɗin cike yake da sukari, kuma ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa a awo ita ce ke wannan aiki, ba ta kuma ɗaga sukari. Fura kuwa gero ce, ana iya dama ɗan ƙaramin dunƙule a nono mai yawa ba tare da sukari ba a gwada a gani, amma a tabbatar an tafasa madarar kafin a yi nonon. Batun girman jariri kuma, ɗa mai kilo 3 zuwa 3 da rabi lafiyayye ne, ƙiba tun daga ciki ba ita ce alamar ƙoshin lafiya ba.

Ummu_Hafsa
Me za a ce game da 'ya'yan itace da dabino? Ana cewa dabino a watan ƙarshe yana sauƙaƙa naƙuda, ni kuma an same ni da sukari a makon nan.

Zainab_Ingila
Abin da mai kula da abinci ta koya mini shi ne a ci ɗan itacen da kansa, kada a matse shi a sha ruwansa, a kuma ci kaɗan a lokaci guda, zai fi kyau tare da gyaɗa ko kindirmo. Gwaiba da lemun zaƙi ɗaya da yankan gwanda ba su ba ni matsala ba, yalo da gurji kuwa ina ci yadda nake so. Mangwaro da rake da nunanniyar ayaba su ne suka fi ɗaga mini. Dabino yana da sukari sosai, ni ƙwaya ɗaya ko biyu nake tsayawa, kuma ina ganin mai wannan lalura ta fara tambayar likitanta kafin ta mai da shi abin ci kullum da yawa saboda naƙuda.

Baiwar_Allah
Tunda an ambaci dabino, ina so in ji hukuncin azumi. Yayata tana da wannan ciwo kuma tana son ta rama azumin da ake binta kafin ta haihu, mun hana ta ta ƙi ji.

Ɗalibin_Ilimi
Shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan ta ji tsoron cutuwa ga kanta ko ga abin da ke cikinta, ko da a Ramadan ne, balle ramuwa da ke da yalwar lokaci. Mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne mai ciki ta sha ta rama daga baya ba tare da ciyarwa ba, kuma idan likita amintacce ya ce azumin zai cutar, to bin maganarsa shi ne daidai. Huda yatsa don gwajin sukari kuma ba ya karya azumi. Abin da ya shafi jinkirin ramuwa har wani Ramadan ya shigo, ta tambayi malamin da ya san halinta, Allah ne mafi sani.

Likita_Mata
Ta fuskar lafiya, Malam, maganarka ta dace da abin da muke faɗa. Tsarin abincin mai wannan ciwo an gina shi ne a kan ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, azumi kuwa yana kawo doguwar yunwa sannan cin abinci mai yawa a buɗa-baki, duka biyun kuma ba su dace da ita ba. Wadda ke kan insulin ta fi shiga haɗari, domin sukarinta na iya faɗuwa ƙasa da 3.9, wato 70, ta ji rawar jiki da zufa da bugun zuciya. A wannan hali kaɗai ne ake so ta sha abu mai zaƙi nan take, kamar cokali uku na shayi cike da sukari a ruwa ko rabin kofi na lemo, ta sake gwadawa bayan minti 15.

Maman_Ilham
Mu koma kan Ummu Safwan. Kafin ki yanke hukunci a kan wata lamba da ta ba ki mamaki, ki duba yadda kika yi gwajin. Ki wanke hannu da sabulu ki busar, domin idan kin ɓare lemu ko kin taɓa dabino, abin da ya rage a yatsa yakan sa na'ura ta nuna abin da ba ya cikin jini. Ki huda gefen yatsa, ya fi tsakiyarsa sauƙin zafi, ki riƙa canza yatsun. Ki rufe robar tsinken da zarar kin zaro ɗaya, kada ki bar ta a rana ko a mota, ki kuma duba ranar da zai lalace. A littafinki kada ki rubuta lamba kaɗai, ki rubuta abin da kika ci da yawansa a gefenta, domin da haka ne likita za ta gane ko kunu ne ke ɗaga miki ko taliya.

Abu_Tagwaye
Akwai masu cewa idan tururuwa ba ta taru a fitsari ba to sukari bai hau ba, har wani ya ba ni shawarar in huta da sayen tsinke. Wannan ba ma'auni ba ne, awon maiɗakina ya sha haurawa ba tare da an ga wata alama ba, ita kanta ma ba ta jin komai a jikinta.

Ummu_Safwan
Assalamu alaikum, na dawo da bayani. Na mayar da tuwo da shinkafa daidai yadda Likita ta kwatanta, jirin ya tafi, kuma awon bayan abinci yana cikin ƙa'ida in ban da ranar da na ci waina da safe. Na asuba ne dai bai sauka ƙasa da 5.4 ba duk da abin da nake ci kafin kwanciya. Likitata ta duba littafin ta ce in ƙara mako ɗaya, idan bai canza ba za ta ba ni zaɓi tsakanin ƙwayar metformin da allurar insulin ta dare. Gaskiya ina tsoron allurar, domin ana cewa wanda ya fara ta ba ya rabuwa da ita, ga shi kuma wutar lantarki ba ta zama a unguwarmu balle in ajiye ta a firiji.

Sista_Ungozoma
Wannan magana ba ta shafi ciwon sukarin juna biyu ba, 'yar'uwa. Yawancin mata da zarar mabiyiya ta fita sukarinsu ke komawa daidai, a nan ake dakatar da maganin. Insulin ba ya ƙetarawa zuwa ga ɗa, metformin kuwa yana ƙetarawa, ko da yake ana amfani da shi a ƙasashe da yawa, don haka ki zauna da likitarki ta bayyana miki amfanin kowanne. Insulin ɗin da aka fara amfani da shi yana iya kai kimanin mako huɗu ba tare da firiji ba matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba. A lokacin zafi mutane kan sa shi a roba mai murfi su ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi a inuwa, kuma kada a bari ya daskare. Ki riƙa lura da motsin ɗanki, idan ya ragu, ko kika ji matsanancin ciwon kai ko kumburin fuska ko ganinki ya dushe, ki tafi asibiti a take.

Maman_Ilham
Ni dai har yanzu ina ganin 5.4 ya yi kusa da ƙa'ida ƙwarai, wataƙila idan ta ci tuwon dare da wuri ta ƙara tafiya bayan isha'i ya sauka ba tare da magani ba. Amma likitar da ke ganin hoton cikin da girman ɗan ita ce ta fi mu sani.

'Yar_Maraɗi
Ni na haihu wata biyu da suka wuce, kuma tun da aka sallame ni ban sake gwaji ba, ga kunun jego mai sukari da ake dama mini safe da yamma. Shin akwai abin da ya rage a kaina, ko magana ta ƙare?

Likita_Mata
Barka da arziki, Allah ya raya. Akwai sauran gwaji ɗaya da ake so a yi tsakanin mako na 4 da na 12 bayan haihuwa don a tabbatar sukarin ya koma daidai, kuma kina cikin lokacin, ki je a yi miki a makon nan. Bayan haka ki riƙa gwadawa duk shekara ɗaya zuwa uku, domin kusan rabin matan da suka yi wannan lalura suna kamuwa da ciwon sukari na dindindin daga baya. Shayar da nono da rage ƙiba da motsa jiki suna rage wannan haɗari, sukarin kunun ma ki sa a rage miki shi. Idan kuma Allah ya kawo wani cikin, ki faɗa musu tun ranar awon farko, domin ke ba za a jira mako na 24 kafin a gwada ki ba.